Tankin Mai Mota

Tun ranar da Ma'aruf ya shigo Illela da wata baƙar mota da ya sayo a Birnin Ƙonni, sunansa na yanka ya ɓace. Yara, manya, har liman, kowa Mai Mota yake ce masa. Abin ya yi wa matarsa Baraka daɗi, tunda mace ba ta kama sunan miji, ga shi gari ya ba ta wanda za ta riƙa faɗa bakinta a sake.

A shekarar da aka sami mulkin kai, sai iyaka ta fara zama iyaka. Hanyar da mutum ya saba bi ya je Ƙonni cin kasuwa ya dawo kafin la'asar, yanzu an gicciya mata sanda, mutum takarda, mota takarda. Motar Ma'aruf ba ta da tata. Ya cika tankinta taf, ya shigar da ita rumfar da ke tsakanin zaure da cikin gida, ya ce wa Baraka zai bi wata babbar mota zuwa Tawa ya sari kaya, in ya dawo zai nemi takardun. Ya ce kada kowa ya taɓa masa mai.

Bai dawo ba. Wani ya ce ya gan shi a Agadas. Wani ya rantse a Abijan ya gan shi, har ya yi ƙiba. Wani kuma ya ce babbar motar ta ɓace a hamada, amma da ya lura maganar za ta kai kunnen Baraka sai ya janye, ya ce shi ma ji ya yi. Yayan Ma'aruf, Malam Lukmanu, mai makarantar allo a bayan kasuwa, ya kai magana gaban alƙali. Aka yi cigiya, aka ɗibar wa Baraka wa'adin da shari'a ke ɗibar wa matar wanda ya ɓace. Wa'adin ya cika tun damina. Abin da ya rage shi ne ta shiga takaba, ita kuwa ta ƙi.

Ni dai ban ga laifinta ba, laifin mutanen gari nake gani. Shekara da shekaru babu mai ƙarfin halin da zai dube ta ya faɗi abin da kowa ke faɗa a bayan idonta. In sun shigo sai su ce, "Allah shi maido shi lahiya," su sha ruwa su fita. Daga baya ma shigowar ta ragu. A gidan biki ba a san inda za a zaunar da ita ba, ita ba matar aure sosai ba, ba bazawara ba, ba mai takaba ba. 'Yarta guda, Ummu, tana aure a Lafani, sai salla-salla take leƙowa. Gidan ya rage daga Baraka sai kaji sai motar. Kullum da safe in ta gama shara takan goge ta da tsumma, wani lokaci ta yi mata 'yar hira, don murya ma in ba a amfani da ita dushewa take yi.

Bazarar bana ce ta tona zancen. Zafi ya yi zafi, rumfar ta fara wani wari mai hawa kai, ba irin na fetur da aka sani ba, wani tsami-tsami kamar tsohon fenti. Ƙarƙashin motar ƙasa ta yi baƙi. Ga murhun Baraka can bayan zana, taku kaɗan. Malam Lukmanu ya zo ya tsaya daga zaure, kamar yadda ya saba, ya yi sallama.

"Baraka, man ga sai an hidda shi. Kwana guda wuta na tashi, mu shiga uku."

"Malam, cewa yay yi kar a taɓa."

"Na sani. A hidda tsoho, ni da kaina in sa a zuba sabo. In ya zaka ya iske ta cike, mi ar ruwanshi da wane mai na?"

Da wannan alkawarin ta yarda.

Ranar da aka sa, da hantsi, Malam ya zo da Lawwali bakanike, ɗan Illela ne amma a garejin Ƙonni yake aiki, da safen nan ma daga can ya ƙetaro. Lawwali na ɗauke da tiyo a wuya da garwa biyu wofi. Kafin ya ajiye su ya ce a kashe duk wata wuta da ke gidan. Baraka ta yayyafa wa murhu ruwa, dawar da ta ɗora ta tsaya ba ta nuna ba. Ba girki, ba abin yi, sai ta jawo kujera ta zauna jikin zana tana saurare. Rabon da ta ji muryar maza biyu suna magana a rumfar nan har ta manta.

Ta ji an murɗe murfin tanki da ƙyar. Ta ji Lawwali ya yi tsaki. Ya zura tiyo, ya kafa baki ya zuƙa, man ya taho masa ba shiri, ya cika masa baki. Ya tofar, ya yi tari, ya danna bakin tiyon cikin garwa. Yana kakari, leɓe duk ya mutu, ya yi magana.

"Mai Mota ya mutu, Malam. Ya daɗe da mutuwa. Ku na dai ba ku sani ba."

Haka ta ji shi, tar. Kuma ta ji Malam ya sauke numfashi ya ce, "Na daɗe ina zato. Ita ta ban son gaya ma."

Baraka ba ta san ta miƙe ba. Salati ya kuɓuce mata, sai kuka, irin kukan da ba ta taɓa yi ba tun tafiyarsa, don ba a yi wa mai rai kukan mutuwa. Ta dafa zana har ta lotsa. Lawwali a Ƙonni yake aiki, daga can ya zo, ai shi zai sani. Ko a ranta ba ta ce ƙarya ne ba, ba ta ce a ina, ba ta ce yaushe ba. Kaji suka watse.

Malam ya taho da sauri har rawaninsa na warwarewa, ya tsaya daga ɗaya gefen zanar.

"Subhanallahi! Mi as same ki?"

"Na ji, Malam. Na ji abin da yac ce."

Malam ya juya maganar a ransa, sai can ta faɗo masa.

"Haba Baraka! Man mota yac ce. Mai, man da ac cikin tanki, shi am matacce. Bakinai na cike da shi, shi as sa kinka ji hakanan. Kuma wa ka tsayawa gabana shi ce ɗan'uwana ya mutu, sai ka ce akuya? Ai rasuwa aka cewa."

Lawwali daga can ya shiga rantse-rantse, shi bai san komai ba, shi ko mutumin ma bai taɓa gani ba sai labari. Da wata rana ce, da abin dariya ne, har a yi shekara ana ba da shi a gidan suna. Babu wanda ya yi dariya.

Baraka ta koma ta zauna. Kunya ta kama ta, amma ba kunyar ce ta fi damun ta ba. A ɗan tsakanin nan da ta ɗauka ya rasu, ta ji baƙin ciki kamar ƙirjinta zai tsage, kuma a ƙarƙashin baƙin cikin ta ji wani sauƙi, irin na wanda ya sauke tulu bayan doguwar tafiya. Yanzu an ce ta sake ɗauka. Ta duba, ta ga ba za ta iya ba.

Aiki ya ci gaba. Man na zuba cikin garwa, ja-ja kamar shayin da ya kwana. Da tiyo ya daina ja, Lawwali ya shimfiɗa buhu ya shige ƙarƙashin mota, ya kwance ƙusar gindin tanki, ya tara tsohuwar tasa. Abin da ya fito nan ba ya ko gudu, tsatsa ce da ruwa da wani danƙo baƙi. Wani maƙwabci da wari ya jawo shi ya leƙo zaure, ya ce a sam masa na fitila tunda zubarwa za a yi. Lawwali ya ce wannan ba kananzir ba ne, ko ya mutu yana iya cinye gida da mutanensa.

Baraka ta yi gyaran murya. "Malam, tambaye shi. In an zuba sabo bisa nai, ba ya tashi?"

Lawwali bai jira an maimaita ba. "Inna, sai dai shi ɓata sabon. Ƙarhin ya hita tuni, zahi ya shanye shi kaɗan-kaɗan. Wari ɗai yar rage."

"Ina za ku kai shi?"

"Bayan gari, hanyar Araba. Ba a zuba shi kusa ga rijiya ko gona. Rami za mu gina, mu zuba, mu sa mai wuta daga nesa, in ta mutu mu turbuɗe."

Ta ji ana toshe bakin garwa da tsumma. Malam ya matso, muryarsa a sanyaye, ya ce gobe in Allah ya kai mu zai sa a kawo sabon mai kamar yadda ya yi alkawari.

"A bar shi, Malam. Kar a zuba."

Ya juya zai tafi, ta kira shi.

"Malam."

"Na'am."

"Kac ce ka daɗe kana zato. Man kaka zato, ko shi?"

Ta zanar tana hango ƙafafunsa kawai, da bakin rigarsa. Ƙafafun suka gyara tsayuwa. Ma'aruf fa ƙaninsa ne, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma shi ma shekarun nan babu wanda ya yi masa gaisuwa.

"Duka biyu," in ji shi.

"To ka hwaɗa mani. Ba ni shiga takaba kan maganar da kunnena yay yi ma kuskure. Daga bakinka nika son ji."

Malam Lukmanu, mutumin da ya sanar da rasuwar mutane ba adadi a garin nan, yau sai ya waiwaya ya dubi Lawwali. Lawwali ya ɗauki garwa ɗaya ya fice waje, ya ba su wuri. Da maganar ta fito, a karye ta fito.

"Ma'aruf ya rasu, Baraka. Allah shi jiƙan shi."

"Amin," ta ce. "Allah shi ba ka haƙuri, Malam."

Sai da ta ji shesshekarsa ta gane ita ce ta fara yi masa ta'aziyya. Da shesshekar ta lafa, ya ce zai biya ya gaya wa liman, zai kuma aika Lafani a ɗauko Ummu. Ya sunkuya ya ɗauki garwa ta biyu da kansa, shi da ɗalibansa ba sa barin ya ɗauki ko buta.

Mata ba sa rakiyar jana'iza, don haka ta tsaya a tsakar gida. Bayan wani lokaci, ta saman katanga, ta hango hayaƙi baƙi ya miƙe can wajen hanyar Araba. Ta tsaya tana kallo ita kaɗai har ya sirance ya ɓace. Sannan ta shiga ɗaki ta cire 'yan kunnenta, ta ɗauko tabarmi ta fara shimfiɗawa a inuwa, don kafin azahar mata za su fara shigowa.