Garin da ke Zuba

Kwana tara ke nan Indo Upe tana share wani farin gari a ƙarƙashin gida kafin mijinta ya sauko. Laushi gare shi kamar garin shinkafa, kullum a gindin ginshiƙin tsakiya, wanda gidansu na katako yake tsaye a kansa. Ta san aikin bubuk ne, ɗan mitsitsin ƙwaron da ke cinye cikin itace ya bar bayansa sumul. In ta kara kunne har jin sa take yi, ƙiris-ƙiris.

To, wa zai gaya wa mijin nata, Ambo Tang? Shekara talatin yana zaɓar wa mutane ginshiƙi, wannan kuwa da hannunsa ya saro shi. Ga shi yau Juma'a, ranar da za a ɗauke gidan ɗungurungum a kafaɗa a kai shi bakin hanya, kamar yadda aka saba a ƙauyensu.

Ana sakkowa daga masallaci maza suka cika ƙarƙashin gidan, sun fi ɗari, kowa ya kama gorar da aka ɗaɗɗaure a jikin ginshiƙai. Ɗansu La Sinring, da matarsa ke da tsohon ciki, ya sa kafaɗa daidai ginshiƙin tsakiya. Tsoro ya kama Indo Upe sosai, ta ja hannun mijinta gefe.

"Baban Sinring, akwai bubuk a ginshiƙin nan."

"Bubuk? A itacena?" Ya yi dariya. "Ke da ko muciya ba ki iya zaɓa ba!"

"Wallahi ni nake share garin. Ka fitar min da yarona."

Ya ƙwanƙwasa ginshiƙin da bayan adda, ya ba da sauti tangaran. Dama ƙasan da sauransa, ɓarnar tana can sama, inda katakan bene suka ratsa. Shi ma ya san haka, shi ya sa bai ɗaga addar ba, bai kuma yarda sun haɗa ido ba.

"Malam, kafaɗa fa ba ta jiran hirar masoya!" in ji wani, aka kwashe da dariya.

Ambo Tang ya ɗaga murya: "Ɗaya, biyu, uku!"

Gidan ya tashi yana ƙara. Wani farin gari ya fara tsiyaya a kan baƙar hular La Sinring, siriri, ba ya yankewa. Ya leƙo yana murmushi.

"Inna, garinki na zuba daga kicin!"

Ita kuwa tun jiya ta kwashe komai na kicin ɗin, ko cokali ba ta bari ba.