Adon Ƙofar Mariyatu

"Ɗaure mayafin nan a ƙugu, Ni'ima, ko ki cire shi. Injin ga bai san Hajiya ba."

Malam Maccido kafinta ke nan, maƙwabcina a Gawon Nama, yana ba ni umarni a rumfarsa da hantsi kamar ni ce yarinyar shagonsa. Na zo ne da zafafan labarin matar mahaucin layinmu da ta yi yaji, na tarar da shi ya tuɓe babbar riga, ya ajiye zobe da carbi a kan benci, yana share ƙurar da ta rufe injin zartonsa.

Bai kamata ya taɓa injin nan ba. Tun bayan ƙaramar salla ciwon hanta ya kama shi, daga baya asibiti suka ce a mai da shi gida a ci gaba da addu'a. Hannunsa har rawa yake in ya ɗauki kofin kunu. Matarsa Mariyatu, ƙawata tun muna amare, ta tafi suna Ƙofar Rini a ranar, kuma kafin ta fita sai da ta leƙo ta katanga ta ce in na ji ƙarar injin in kira ta a waya. Ta san ni da kunne.

Na ce masa yanzu zan kira ta. Bai ko ɗago ba. Ya nuna mini ƙofar ɗakinta ta cikin tsakar gida. Mutumin da ya yi wa manyan gidajen Sama Road adon katako a bakin ƙofofi da gefen silin, siraran nan masu kwarmi da tudu kamar kitso, ƙofar matarsa tsirara take. Tun suna da ƙuruciya take yi masa gori a kai, kullum amsarsa sai an gama aikin mutane.

"Takaba za ta zauna cikin ɗakin nan," ya ce. "Wata huɗu da kwana goma tana kallon ƙohwar ga. Mi za ta gani?"

Na fasa kiran, na ɗaure mayafi.

Aikina shi ne in tsaya a bayan tebur in tallafi katakon da ke fitowa, kada ya faɗi ya ɗaga. Ban da ja, ban da tsayawa saitin zarton, don in katako ya yi tutsu harbawa yake kamar jaki. Babbar doka kuwa, ban da magana har sai haƙoran zarton sun tsaya cik. Dokar nan ta daɗe tana ƙona mini rai. Sau nawa na zo da labari a bakina ya ɗaga mini hannu, in tsaya ina kumbura har ya kashe inji? Shi ne ya sa mini suna Rediyon Gawon Nama, ya ce ni kaɗai ce rediyon da ba ta da makunni.

Shi ba ya yanka siririn katako sannan ya yi masa ado. A gefen faffaɗan katako yake fitar da kwarmin tukuna, inda hannu ke da wurin kamawa nesa da zarto, kaɗan-kaɗan, yana ɗaga zarton ƙwayar gero ɗaya duk zagaye. Sai an gama sannan ya tsage siririn. In katakon ya kusa ƙarewa, sai ya ɗauki wata tsohuwar sanda mai baki kamar na ƙugiya ya tura da ita. Jikinta duk cizon zarto ne. Ya sha gaya mini kowane cizo yatsansa ne ta fansa. A duk kafintocin da suka taso tare, shi kaɗai ya tsufa da yatsu goma, kuma burinsa ya mayar wa Mai su da kayansa cif.

Sirara biyu na gefen ƙofa suka fita lafiya. Yakan huta tsakani, ya zauna yana haki, ni kuma in ɗan sako labarin matar mahauci, ya ce Allah ya shirye ni.

A na ukun, na saman ƙofa, rawar ta kama shi a tsakiyar yanka. Na ga sandar tana karkarwa, katakon ya tsaya, hayaƙi ya tashi da ƙauri. Hannunsa na hagu ya fara zamewa gaba. Salati ya taso mini har maƙogwaro. Na san in na buɗe baki zai waiwayo, in ya waiwayo shi ke nan. Na cije leɓe har na ji gishirin jini. Ya runtse ido ya buɗe, ya janye hannun zuwa ƙirjinsa, ya danna makunni da gwiwa. Muka tsaya muna kallon zarton yana rage gudu, yana ragewa, har ya tsaya. Sai da ya zare wayar injin daga bango sannan ya taɓa katakon.

"Ashe kina da makunni," ya ce.

Ya sake kunnawa ya ƙarasa, amma wurin ya bar tabo baƙi, kwarmin ya ɗan karkace. Ya so ya sake wani, ƙarfi ya ce a'a. Ɗana Zulkifilu, da ya dawo daga kasuwa, shi ya buga ƙusoshin, Malam na zaune a kujera yana yi masa faɗa a kan kusurwa.

Bayan la'asar Mariyatu ta dawo da ƙullin goron suna. Ta ga garin katako a tsakar gida, ta dube ni irin duban da na sani. Ba ta kalli ƙofar ba tukuna. Wurinsa ta nufa, ta kama hannuwansa biyu ta juya su gaba da baya tana ƙirgawa da leɓe. Sannan ta waiwaya. Ta daɗe tana kallo.

"Sai yau aikin mutane ya ƙare?" ta ce.

"Sai yau."

Ni kuwa ta ce mini munafuka, ta ba ni goro biyu.

Bai sake shiga rumfar ba. Ranar wata Laraba da azahar na ji kukan Mariyatu ta katanga, ba mai ƙarfi ba, na san an yi. Na tambayi Liman Yari da ya yi masa wanka ko yatsunsa sun cika, ya ce Hajiya ki ji tsoron Allah, wannan ma abin tambaya ne? Da zai wuce dai ya ce goma ne.

Yanzu kullum da yamma ina shiga in taya ta zama. Labarai na nan cike da bakina, matar mahauci ma ta koma ɗakinta, amma sau da yawa ba na fara su. Dalilin da ya gaya mini a rumfa ban kai mata ba, ita ma ba ta tambaya ba. Sandar turinsa na rataye a ƙusa bayan labule. In rana ta karkata, haske kan bi kwarmin katakon daga ƙasa har sama. Jiya da ta tashi alwalar magariba na ga ta tsaya a bakin ƙofa, ta yi ɗage, ta ɗora yatsa a kan baƙin tabon nan, sannan ta ɗauki buta.