Lahadin Dada Lauratu

"Ja shi sosai, Zuwaira, kada ya kwance mini a hanya."

Zuwaira ta ƙara jan bakin zanin ta soke a ƙugun tsohuwar, ƙugun da ya koma ƙashi zalla. Dada Lauratu maƙwabciyarta ce a unguwar Takur, katanga ɗaya ta raba su. Tun da likita ya ce a mayar da ita gida a ci gaba da kula da ita, kowa ya gane nufinsa. Yau Lahadi da hantsi ta ƙwala wa Zuwaira kira ta kan katanga, wai ta zo ta taya ta shiri.

Sai da Zuwaira ta ja da baya don ta ga ko zanin ya zauna, sannan ta lura da abin da ke jikin atamfar: gicciye, buɗaɗɗen littafi, da rubutun Zumuntar Mata.

"Dada, wannan ai na 'yan coci ne."

"Nawa ne. Ni ma 'yar cocin ce."

Zuwaira ta nemi bakin gado ta zauna. Matar nan ce ta karɓi haihuwar 'yarta Fiddausi, ita ta yi mata wankan jego. Daddawa da kuka take sayarwa, duk layin a wurinta ake saye. Kowace Lahadi takan fita cikin dogon mayafi da leda a hannu, ta ce za ta gaida 'yar'uwa. Ba wanda ya taɓa ganin ta yi salla, amma wa ke leƙa ɗakin tsohuwa?

"A gidan wata ƙawata nake sake kaya, can kusa da cocin," in ji Dada. "A garin da muka baro an yi rigimar addini. Maigidana ya fita bai dawo ba. Tun daga ranar, ko yara na ji sun ɗaga murya a waje sai cikina ya ɗuri ruwa. Da na zo Dutse na ga kun ɗauka ni Musulma ce, sai na ja bakina." Ta numfasa da ƙyar. "To, tafiya ta matso. In na tsaya gaban Yesu Almasihu ya ce, Lauratu, kunyata kika ji? Me zan ce masa?"

"Bari in kira mai adaidaita ya shigo har ƙofa."

"A'a. Ya tsaya bakin titi. Da ƙafata zan taka layin nan."

Zuwaira ta kalli ƙofa. Me za a ce da ita in aka gan ta riƙe da mai wannan zanin? Me maigidanta zai ji in ya dawo daga kasuwa? Ta dubi Dada, ta ga ko tsayuwa ba ta iya yi sai da jingina. Ta gyara hijabinta, ta sa kafaɗa.

Hannun Dada rawa yake yi kamar mai zazzaɓi lokacin da suka tsallake dokin ƙofa.

Mu'minatu mai waina ce ta fara ganin su. Cokali na hannunta, wainar na ƙonewa a tanda, ita kuwa ta saki baki.

"Mu'minatu, ina kwana? Coci za ni."

"La... lafiya lau, Dada. Yaya jikin?"

A gida na gaba Adama na tsaye da tsintsiya. Dada ta gaishe ta. Adama ta dubi zanin tun daga sama har ƙasa, ta juya ta shige, ta turo ƙofa. Wani saurayi kan babur ya ce, "Ashe haka ne," da ƙarfi yadda kowa zai ji. Zuwaira ta ji faratan tsohuwar sun nutse mata a dantse, amma Dada ba ta tsaya ba.

A ƙarshen layin Malam Abdulkahar, limamin unguwa, yana zaune gindin darbejiya da dattawa. Hira ta yanke. Dada ta saki kafaɗar Zuwaira, ta tsaya ita kaɗai tana tangaɗi.

"Malam, barka da hantsi. Ni Kirista ce, a cikinsa aka haife ni, a cikinsa zan mutu. Na zauna da ku ina ɓoyewa saboda tsoro. Ku yafe ni."

Malam ya dube ta. Ya cire tabarau, ya goge, ya mayar.

"Dada, ba za ki bari jikin ya yi ƙwari ba?"

"Ba zai yi ba, Malam."

"To. Ba ki taɓa cutar kowa a layin nan ba. Allah ya sawwaƙe." Ya dubi Zuwaira. "Riƙe ta da kyau, akwai kwata a gabanku."

Da Zuwaira ta sake kama hannun, sai ta ji rawar ta tsaya cak. Dada ta ɗaga kai ta fara wata waƙa da siririyar murya, wadda numfashi ke yanke ta, tana ambaton sunan Yesu da ta yi shekaru tana haɗiyewa. Fuskar da ciwo ya tsotse ta washe har Zuwaira ta kasa gane ta. Ba ta taɓa ganin mutum yana gab da kabari yana tafiya kamar wadda aka sauke wa kaya ba.

Suka hau adaidaita, har ƙofar cocin Zuwaira ta raka ta. Mata masu irin zaninta suka fito da gudu, wata ta rangaɗa guɗa, suka ɗauke ta cak suka shiga. Zuwaira ta zauna a inuwa daga waje tana jin kiɗan tulu, tana goge ido da gefen hijabi.

Dada ba ta ga wata Lahadin ba. Da rana tsaka ta cika, kanta a cinyar Zuwaira, wata daga cikin matan zumunta na karanta mata Littafi Mai Tsarki da Hausa, ƙofar ɗakin a buɗe.

Washegari gidan ya cika. Matan coci suka zauna a tsakar gida suna waƙa a hankali. Mu'minatu ta shigo da kwanon waina. Malam ya aiko da tabarmi da bencina, ya tsaya a waje ya yi wa fasto gaisuwa. Adama ba ta zo ba, haka ma mutanen wasu gidaje.

Zuwaira ta fito ɗebo wa baƙi ruwa, ta tarar takalma sun cika bakin zaure, silifa kan silifa, sun cakuɗe har kan hanya. Ta ajiye bokitin, ta durƙusa tana jera su ɗaya bayan ɗaya a jikin bango.