Garin Batir a Tandun Kwalli

Sai da Malama Halimatu ta gama kiran sunayen yara sannan ta ɗauko gwangwanin. Ranar farko ce ta komawa makaranta, allon aji uku ya koɗe ya yi fari fat. Maganin wannan kuwa kowane malami a unguwar Tunga ya san shi: a tara matattun batiran rediyo, a fasa su da dutse, a kwashe baƙin garin ciki, a kwaɓa da ruwa a goge allo da tsumma. Haka ta tarar ana yi, haka kuma ta yi jiya Lahadi a bayan ɗaki, ta juye garin a gwangwanin madara ta ɗora a kan taga.

Tana cire murfin, garin ya yi mata ƙyalli. Garin batir ba ya ƙyalli. Ta lakata da yatsa ta murza. Kwalli ne.

Surukarta, wadda kowa a gidan ke kira Nna, ta zo daga Bida don renon Zuliha, jaririyar Halimatu. Tsohuwar tana taɓa sayar da kwalli, a gwangwanin madara take zuba shi, a kan tagar nan kuma take ajiyewa. Jiya ta ce tandunta ya yi ƙasa, da safe za ta cika. Ga shi gwangwanin garin batir ne ya rage a tagar. Ita kuwa Nna, wankan jariri ba ya cika a wurinta sai an ja masa kwalli. Halimatu ta sha gaya mata asibiti sun hana, amma duk sanda aka zo nan sai Hausar tsohuwa ta ƙare, ta koma Nufanci.

Halimatu ta kira mijinta Rilwanu, wanda ya tafi Gwada sarin doya, wayar ta ƙi shiga. Ta sake kira, shiru. Nna ba ta da waya, ta ce ba ta son abin da ke kuka a aljihu. Halimatu ta leƙa ajin Malama Christiana ta roƙe ta ta duba mata yara, ta fita ko jaka ba ta ɗauka ba.

Ɗan acaɓar da ta tara ya ga fuskarta, bai tsaya ciniki ba. Duk da haka gani take tafiyar ba ta sauri. A shataletalen Mobil suka tarar da cunkoso, wata motar itace ta mutu a tsakiyar hanya, kowa na danna oda. Halimatu ta dubi yatsanta, inda ƙarfen jikin batir ya yanke ta jiya. Garin da ya shiga wurin ya yi ta mata raɗaɗi har bayan la'asar. Wannan a yatsan babba ke nan. Ta tuna idanun Zuliha, yadda suke bin ta duk inda ta juya a ɗaki, tsoro ya kama ta. Ta ce wa ɗan acaɓa ya bi ta lungu, ko ta cikin kwata ce.

Da suka isa unguwarsu Ketaren Gwari ba ta jira ya gama tsayawa ba. A tsakar gida ta ga bahon wanka da ruwa a ciki, ga gwangwanin a buɗe, ga tandu a gefe. An gama wanka ke nan.

Zuliha tana kwance a tabarma tana wasa da ƙafarta. Halimatu ta sure ta, ta kai ta bakin ƙofa wurin haske, ta buɗa ido ɗaya, ta buɗa ɗayan. Fari tas, babu ɗigon baƙi. Ta durƙusa tana hamdala, hawaye na zuba mata.

Sai a lokacin ta lura da Nna. Tsohuwar tana zaune a bayan ƙyaure, ta rufe rabin fuskarta da gefen gyale. Halimatu ta matsa ta janye gyalen a hankali. Idon hagu ya kumbura ya yi jajir, ruwa baƙi-baƙi na gangarowa kan kuncinta.

"Nna, garin batir ne. Ni na ajiye shi a wurin."

"Na san ba nawa ba ne, ya ci ni," in ji tsohuwar. "Ni ba na sa ma yaro abu sai na sa ma kaina tukuna."

Kunya da tausayi suka rufe Halimatu. Ta goya Zuliha, ta ɗauko buta ta kwantar da kan surukarta a cinyarta, ta yi ta kwarara mata ruwa a idon, buta bayan buta, tana ƙwala wa maƙwabciya kira ta tsayar musu da keke-napep zuwa asibiti. Da aka ɗaga ta za su fita, tsohuwar ta tsaya.

"Ɗauke gwangwanin nan tukuna," ta ce, tana laluben bango da hannu. "Yarinyar ta kusa fara rarrafe."