Keken Mika'ilu a Hanyar Gona

Ruwan farko ya sauka da asuba, irin wanda ke sa tsofaffi su fito ƙofar gida su tona ƙasa da yatsa su ga inda laima ta kai. To, ta kai. Kafin hantsi ƙauyen ya watse, kowa da sungumi a kafaɗa da ƙwaryar iri a hannu.

Mika'ilu kuwa yana tsakar gida a kan kekensa, matarsa Hure tana ɗaura masa bel a ƙugu.

A da ɗan dako ne shi a kasuwar Dawanau, da rani ya je ya ɗauki buhu, da damina ya dawo gona. Wata rana buhunan wake suka rufto masa daga kan mota, tun daga nan ƙafafunsa ba su ƙara jin maganarsa ba. Ya daɗe kwance a ɗaki, har wata ƙungiya a Kano ta ba shi wannan keken guragu mai batir. Babu feda, babu mai. 'Yar sanda ce kamar yatsa a gefen hannun dama, inda ka tura ta nan keken zai bi, ka sake ta birki ya kama da kansa. Ma'aikaciyar da ta koya masa ta yi ta nanata abu kaɗan har ya haddace: kada ya shiga ruwa, kada ya ratsa gangare a karkace, kada a ɗora masa kaya, kada kuma kowa ya tura shi da ƙarfi alhali tayoyin suna haɗe da injin.

Maganar gona ce ta fito da shi yau. Shekarun sun yi tsanani, taki ya fi ƙarfin talaka, mai ya yi tsada, hatsi kuma sai a hankali. Wansa Hadi ya duba ya ga gonar Mika'ilu bara ciyawa ce ta ci rabinta, sai ya yi magana da Baba Shago na unguwar gabas, mai shanun huɗa da 'ya'ya maza, cewa ya noma ta bana, in kaka ta yi a ba Mika'ilu ɗan abin da ya samu. Hadi ba mugu ba ne. Amma Mika'ilu ya sha ganin gonar da aka bayar aro, bana a ce bana kawai, baɗi a ce ai an zuba mata taki, daga nan mai ita sai dai ya riƙa nuna ta da baki. A ƙauyen kuma kowa ya sani, wanda irinsa ya fara shiga ƙasa shi ke da gona har a girbe.

Sun yi ta ja a gindin dalbejiyar masallaci, har Hadi ya gaji ya ce a gaban mutane, "Shi ke nan. Ranar ruwan shuka, in ka kai kanka gonar nan kafin azahar, ba a ɗauke ka ba, ba a tura ka ba, ka sara sungumi da hannunka, na bar maganar."

Mika'ilu ya ce, "Jama'a kun ji shi."

Tun da ya ga hadari ya fara haɗuwa a gabas yake aika keken shagon mai cajin waya, inda ake da sola. Yanzu da ya danna maɓalli, ƙananan fitilun da ke nuna ƙarfin batir suka jeru kore shar. Ya mayar da gudun kan hoton kunkuru, wato mafi ƙarancin gudu. Hure ta rufe 'yar sandar da farar leda ko da yayyafi zai dawo, ta ɗora ƙwaryar gero a ka, sannan ta miƙa masa sungumi.

"Ke za ki riƙe," ya ce.

"Ni? Malam, mace da sungumi a kafaɗa, a tsakiyar gari?"

"In ƙotar ta shiga taya fa? Riƙe kawai. Su yi dariyarsu, ba ta hana gero tsira."

Aka kuwa yi dariyar. Masu shayi suka miƙe tsaye. Wani ya ce, "Alhaji mai mota, a sauka lafiya!" Wani ya ce, "Direba, akwai wurin mutum ɗaya?" Mika'ilu ya ɗaga musu hannun hagu kamar mai gari, ya wuce a hankali, keken yana 'yar ƙararsa kamar ta ƙudan zuma.

A bayan gari kududdufi ya cika ya malalo kan gajeriyar hanya. Ruwan bai kai idon sawu ba, mutane sai tsallakawa suke da takalmi a hannu. Mika'ilu ya tsaya ya dube shi. Batiran suna can ƙasan kujera, kusa da ƙasa. Ya juya ya kama doguwar hanya, wadda ke zagayawa ta bayan maƙabarta.

"Ɗan wannan ruwan?" in ji Hadi, wanda ke biye da su daga nesa da buta a hannu. "Akuya ma ta wuce."

"Akuya ba ta da batir, Yaya."

Doguwar hanya ta yi kirki har zuwa inda take hawa jigawa. A nan amalanke ya tattake yashi ya yi laushi, ruwan asuba kuma ya riga ya tsotse. Tayoyin gaba suka nutse. Mika'ilu ya tura 'yar sanda, keken ya yi gurnani, ya matsa kaɗan, ya ƙara nutsewa. Ya sake turawa, ya riƙe. Ya san bai kamata ba, amma daga nan yana hango kan gawon da ke iyakar gonarsa, sai zuciya ta ɗebe shi. Wani abu ya yi ƙas a ƙarƙashinsa. Fitilun suka mutu gaba ɗaya.

Kafin a jima mutane sun taru, masu dawowa ɗebo iri da masu zuwa kallo. Kowa da shawararsa, kuma duk da zuciya ɗaya suke faɗa.

Sama'ilu ɗan acaɓa ya ajiye babur ɗinsa ya nannaɗe hannun riga. "Wannan ai ba komai ba ne. Batir ne ya yi sanyi. Ku kama mu tura shi da gudu, kai kuma in mun saki ka ba shi wuta. Nawa kullum haka nake tayar da shi."

"Kada ka taɓa shi," in ji Mika'ilu.

"Haba, taimako ne fa."

"Na sani. Allah ya saka. Amma ba babur ba ne. Tayoyin a kulle suke da injin, in kun tura haƙoran giya za ku karya. Daga nan har Kano wa zai gyara min?"

Wani dattijo mai injin niƙa ya sunkuya ya taɓa gefen injin ya janye hannu da sauri. "Zafi ya yi. Hadi, kawo butar nan a kwara masa ruwa, yanzu zai huce."

"Baba, don Allah a'a. Ruwa shi ne ajalinsa."

"To tura a'a, ruwa a'a. Wane irin inji ne wannan, sai ka ce jaririn masu kuɗi?"

Aka bushe da dariya. Sama'ilu bai daddara ba, ya zagaya baya ya ɗora hannu a kan mariƙin keken. Sai Hure ta sauke ƙwaryar iri, ta gicciya sungumi tsakaninsa da keken. Ba ta ɗaga murya ba. "Sama'ilu, ya ce kada a taɓa."

Sama'ilu ya ja baya yana tafa hannu. "Allah ya ba ku haƙuri. Mai mota da 'yar sandansa."

Hadi ya matso ya tsuguna a gaban ƙanensa. Ya dubi gumin da ke tsiyaya a wuyansa, ya dubi siraran ƙafafun nan da ke kan matakin ƙarfe. Ya yi magana ƙasa-ƙasa yadda mutane ba za su ji ba.

"Mika'ilu, ya isa haka. Bari mu ɗaga ka da keken gaba ɗaya mu fitar da kai daga yashin nan. Ba zan ce an ɗauke ka ba."

"Kai ba za ka ce ba. Waɗannan fa? Kafin la'asar Baba Shago ya ji."

"To me kake so a yi?"

"A jira."

"A jira me?"

"Ya huce. Shi ya kashe kansa don kada ya ƙone. Laifina ne, na matsa masa."

Hadi ya miƙe ya kaɗe gwiwa. "Rana tana tafiya, ka sani."

"Ina ganin ta, Yaya."

Suka jira. Jira kuwa ba abin kallo ba ne, don haka mutane suka fara zamewa ɗaya-ɗaya, laima ba ta jiran kowa. Rana ta take. Hure ta cire mayafinta ta ware shi, Mika'ilu ya zaci kansa za ta rufe, sai ya ga ta tsaya ta gefen rana tana yi wa injin inuwa. Har ya so ya yi dariya. Daga can yana jiyo saran sungumi a gonakin mutane, tif, tif, tif, kowane sara kamar a ƙirjinsa. Da a ce da ne, da yanzu ya gama rabin gona yana tsokanar na kusa da shi. Ya damƙe hannun kujera. Sau da yawa yatsansa ya kai kan maɓalli ya dawo da shi.

Can ya ce, "Taɓa ki ji."

Hure ta taɓa. "Da ɗumi, amma hannu yana zama."

"Leƙa ƙarƙashin kujera, wajen akwatin batir. Akwai ɗan maɓalli da ya turo kai. Danna shi ya koma."

Ta durƙusa a yashi ta laluba. "Na ji shi. Bismillahi."

Ya kunna. Fitilun suka dawo, sai dai sun ragu. Wannan karon bai nufi gaba ba. Ya ja 'yar sandar baya kaɗan-kaɗan har tayoyin suka fito daga ramin da suka haƙa, ya koma inda ƙasa ke da ƙarfi, sannan ya kama gefen hanya inda saiwar ciyawa ta riƙe yashi. Ya fuskanci tudun kai tsaye, ya jingina bayansa sosai, ƙananan tayoyin nan na baya masu hana kifewa suna jan layi a ƙasa. In ya ji muryar injin ta canza sai ya saki, ya ba shi numfashi, ya sake. Hadi yana tafe a gefe, hannayensa biyu a baya, ya riƙe ɗaya da ɗaya kamar mai tsoron kada su kuɓuce masa.

Baba Shago yana zaune a gindin gawo, buhun irinsa a ɗaure, 'ya'yansa suna jingine da sungumansu. Da ya ga keken ya ɓullo sai ya cire hula ya sosa kai.

"Kai, ɗan nan, ka sa na yi asarar safiya. Tun ɗazu yaran nan ke cewa mu fara, na ce a'a, sai na ga ƙarshen wannan rigima da idona."

"Sannu da jira, Baba. Ka ga ba a kira salla ba."

"Ba a kira ba. Amma zuwa daban, sara daban."

Mika'ilu ya daidaita keken a bakin gona, inda ƙafar mutane ta daddaɓe ƙasa, gonar tana hagunsa. Ya kashe wutar tukuna, don kada hannun riga ya taɓa 'yar sanda keken ya zabura da shi. Ya taɓa bel ya ji yana nan daram. Hure ta miƙa masa sungumi. Ƙotar ta zauna a tafinsa kamar jiya ya ajiye ta. Ya ɗaga da hannu biyu, kafaɗun ɗan dako suna nan ba su je ko'ina ba, ya sauke. Ƙasa ta buɗe baki, baƙa, mai laima. Hure ta zuba 'yan ƙwayoyin gero, ta rufe da diddige.

Ya ba ta sungumi, ya kunna, ya matsa taku ɗaya, ya kashe, ya karɓa, ya sara.

Baba Shago ya tsaya ya ga rami na biyu da na uku, sannan ya ce wa 'ya'yansa su ɗauki buhu, tasu gonar ma tana jira. Da zai wuce ya ce, "Hadi, ƙanen nan naka taurin kai gare shi kamar ubanku, Allah ya jiƙansa."

Da suka yi nisa, Hadi ya juyo. Ya dubi faɗin gonar, da tsofaffin kunyoyin da keken ba zai taɓa haurawa ba.

"Na bar maganar, tunda na faɗa. Amma wannan layin baki ne kawai. Tsakiyar fa? Noman fari fa, wa zai yi maka? A haka har kaka kana shuka."

"Tsakiya zan kira gayya gobe, ni ma na yi wa mutane a lokacina. Noma kuma ya zo tukuna." Mika'ilu ya ɗaga sungumi ya sauke. "Yaya, matsa kaɗan, kana tsaye a inda zan sara."

Hadi ya matsa.

"Malam, ramukan nan sun yi kusa da juna," in ji Hure. "Iri za ka ƙarar min."

"To zuba kaɗan-kaɗan. Karɓi."