Jan Hannu a Shuɗiyar Riga

Abin ya fara ne a makon da hukumar hidimar ƙasa ta turo wa Mai Saƙa 'yar taimako. Tun da idanun Mai Saƙa suka tafi take zaune ita kaɗai a ɗaki biyu bayan wani kanti, tana saƙa wa 'yan makaranta rigunan sanyi. Launin ulu kuwa da muhallinsa take gane shi: shuɗi a kwandon dama, ja a ƙarƙashin tebur, fari a gindin taga. Aikin yarinyar bai wuce rakiya kasuwa da karanta rubutun kwalbar magani ba.

Ranar da Mai Saƙa ta je ganin likita, yarinyar ta zage ta gyara ɗakin, ba ta faɗa wa kowa ba. Da uwar ɗakin ta dawo, ta yi bisimilla, ta kai hannu kwandon dama kamar kullum, ta ƙarasa hannuwan rigar da ta faro.

Uwar yaron da aka yi wa rigar ta dawo da ita daidai lokacin da Yaya, wan Mai Saƙa, ya leƙo gaisuwa.

"Baiwar Allah, makaranta zan tura ɗana ko filin ƙwallo? Jiki shuɗi, hannu ja wur!"

Yaya ya gyara murya. "To, kin dai ji da kunnenki. Tun bara nake cewa ki tattara ki dawo gidana. Ga ɗaki, ga abinci. Saƙar nan ta fi ƙarfinki."

Mai Saƙa ta shafa rigar. Ko ɗaya ba ta ji kuskure a saƙar ba.

"'Yar nan, kin taɓa kwandunan ulu?"

"Jera su kawai na yi, Anti," in ji yarinyar. "Daga mai duhu zuwa mai haske, don ɗakin ya yi kyan gani."

"Kyan gani! Ga wa? Wannan ai gyaran gangar Auzinawa ne."

Mai Saƙa ta zaci magana ta ƙare, tunda mai laifi ta amsa da bakinta. Sai ta ji Yaya ya juya wajen yarinyar, ya sassauta murya kamar ita ba ta wurin.

"Kada ki damu, kin yi ƙoƙari. Lalurarta ce. Gobe ki taya ta haɗa kaya."

Wannan ya fi jan hannun ƙona mata rai. An bar jaki ana dukan taiki! Mai ido ta yi ɓarna an sa mata albarka, ita da ta shekara goma ba ta taɓa haɗa launi ba, an yanke mata hukunci a tsakar ɗakinta. Ta yi istigfari a zuci, sannan ta juya wajen uwar yaron.

"Hajiya, bar rigar, jibi ki aiko. Ke kuma 'yar nan, shuɗi dama, ja ƙarƙashin tebur, fari taga. Ki riƙa faɗa da ƙarfi ina ji. Daga yau ko allura ba za ki gusar ba sai kin tambaye ni."

Ta lalubo bakin zaren, ta fara warware jan hannun.

"Yaya, a gaida mutanen gida. Ba zan tashi daga ɗakin nan ba."