Naman Hankakan Teku

Ƙarnin ya riga Adamu shigowa. Da ya dire buhun a tsakiyar kicin, baƙin fiffike ya leƙo, jini na ɗiga kan daɓen da matarsa Mastura ta gama gogewa yanzun nan.

"Abu Lujain, wannan kuma wace masifa ce?" Da sunan 'yarsu take kiransa.

"Hankakan teku ne. Ki dafa."

Wa bai san labarin ba a unguwar Hindawiyya ta Jidda? Mai gonar kifin da Adamu ke yi wa gadi, wanda shi ne kafilinsu da ya tsaya musu a ƙasar, ya ce tsuntsayen nan suna nutso suna cinye masa kifi. Ya samo izini, ya danƙa wa Adamu bindiga, don ya ji ɗan maharba ne daga Sudan. Tun daga nan gawarwakin tsuntsaye ke fitowa bakin teku suna ruɓewa. Mata a kasuwar kifi suna tsine wa mai harbin, Mastura na tsaye cikinsu tana cewa amin, kunya kamar ta nutse.

"In dafa? Ko magen bola ba ta cin wannan! Sauran ma'aikata ba a teku suke zubarwa ba?"

"Su ba babana ya haife su ba. Ranar da ya fara ba ni baka, sai da ya sa na rantse ba zan kashe abin da ba zan ci ba. Waɗanda na tarar da rai na yanka da bismilla."

"Sannu, mai alkawari! Waɗanda ruwa ya tafi da su fa, uban wa zai ci? Ka mayar masa da bindigarsa, ka ce halas, ka daina!"

Ya nemi wuri ya zauna. Ita kuwa ranta ya gama ɓaci. Ta fige biyu tana tsaki, ta zabga lemon tsami da tafarnuwa, duk a banza. Maƙwabta suka rufe tagogi. Ta dangwara masa kwanon a gaba, romo ya fantsama.

Ya yagi naman, baƙi wuluk, tauri kamar igiya. Yana tauna idanunsa na kawo ruwa. Ya yunƙura zai yi amai, ya danne, ya sake kai hannu.

"Wallahi haushinka nake ji," in ji ta. "Namiji har namiji, ka kasa cewa a'a."

"Wata mai zuwa iƙama, takardar zamanmu, za ta ƙare." Bai ɗago kai ba. "Tawa, da taki, da ta Lujain. Kafilinmu ya ce sai tsuntsayen sun ƙare zai sabunta."

Mastura ta dubi ƙofar ɗakin da 'yarsu Lujain ke karatu, yarinyar da ba ta san wani gari ba sai Jidda. Ta dubi buhun, ko rabinsa ba a dafa ba.

Ta wanke hannu, ta jawo kwanon da ƙarfi.

"Matsa," ta ce. "Ba kai kaɗai ka harbe su ba, har da mu."